Rundunar alƙawari: wa ke biyan kuɗin yaƙin Sahel?

Ranar 23 ga Fabrairun 2018 aka yi babban taro a Brussels, shugabannin Turai ga na Sahel ga wakilan ƙasashen Larabawa, aka yi jawabai aka yi hotuna, aka tashi da labarin cewa an tara wa rundunar haɗin gwiwa ta G5 Sahel alƙawarin yuro miliyan 414. Abin da ƙasashen biyar, wato Nijar da Mali da Burkina Faso da Chadi da Muritaniya, suka ce suna buƙata don kafa rundunar mai soja 5,000 da tafiyar da ita shekarar farko yuro miliyan 423 ne. Kenan a takarda an kusa cike gurbi, saura ƙiris. Wata huɗu bayan nan, ranar 29 ga Yuni, ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota hedikwatar rundunar a Sevare da ke tsakiyar Mali ya tarwatsa wurin, dole aka kwashe hedikwatar aka mayar Bamako. A lokacin kaso mai yawa na kuɗin nan da aka yi wa tafi bai ma iso ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa taron gidauniya a ƙasar nan ya san yadda abin yake, mai girma ya karɓi lasifika ya ce ya ba da miliyan kaza, maroƙa su ɗauka, 'yan jarida su rubuta, bayan wata shida 'yan kwamiti na zarya ƙofar gidansa ana ce musu Alhaji ya yi tafiya. To haka aka yi wa G5. Saudiyya ta yi alƙawarin miliyan 100, wanda aka tsara za a sayi kayan yaƙi da shi a wurin kamfanonin Faransa, amma har ƙarshen 2019 ministar tsaron Faransa Florence Parly na fitowa fili tana ƙorafin kuɗin bai fito ba. Daular Larabawa ta ce miliyan 30. Tarayyar Turai ta fara da yuro miliyan 50 ta ninka ya zama 100, sai dai kaso mai tsoka nata ba a hannun hafsoshin Sahel yake sauka ba, ta wata hukumar gwamnatin Faransa mai suna Expertise France yake bi, ita ke ba da kwangila ta sayo kaya, kuma kowa ya san yadda takardun kwangilar Turai ke jan ƙafa. Su kansu ƙasashen biyar yuro miliyan 10 kowacce ta ɗauka, wato miliyan 50 cikin 423. Ku lissafa da kanku ku ga rundunar ta wace ce.

Ni abin da nake so in faɗa ba zagin Turawa ba ne, wannan an yi shi har an gaji kuma bai sayi harsashi ko ɗaya ba. Maganata ita ce duk wani taimakon soja da ƙawa ke ba ka layi ne a cikin kasafin kuɗinsa, majalisarsa ce ke sa masa hannu duk shekara, masu jefa ƙuri'arsa ne ke tambaya a kai, kuma ranar da wata buƙata ta taso a gidansa layinka ne na farko da za a soke. Ba mugunta ba ce, haka kowace gwamnati take, har tamu, zan zo kan wannan. Kuskuren shi ne ka zauna ka tsara runduna gwargwadon abin da kake fatan za a ba ka, maimakon gwargwadon abin da aljihunka zai iya ɗauka ko da kowa ya juya maka baya.

Mu duba dalilin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ɗauki nauyin G5 ba, domin nan ne ainihin wasan diflomasiyyar yake. Faransa ta so ƙwarai Kwamitin Tsaro ya ba rundunar izini ƙarƙashin Babi na Bakwai na kundin majalisar, wanda shi ne zai buɗe ƙofar a riƙa biyanta daga kuɗin da ake yanka wa kowace ƙasa dole. Amurka ta ce a'a. Ƙuduri mai lamba 2359 na Yunin 2017 sai ya fito da "muna maraba" kawai, ba izinin, ba kuɗi. Me ya sa? Saboda a duk dala ɗari da majalisar ke kashewa kan dakarun kiyaye zaman lafiya a lokacin ana yanka wa Amurka sama da 28, kuma majalisar dokokinta tun shekarun 1990 ta kafa doka cewa kar a biya sama da 25, shi ya sa ma bashi ke taruwa a kanta kullum. A daidai lokacin kuma Trump ya hau mulki karo na farko, jakadiyarsa Nikki Haley na alfahari da cewa an zabtare sama da rabin dala biliyan ɗaya daga kasafin kiyaye zaman lafiya. Mutumin da ya zo da almakashi a hannu shi za ka ce ya buɗe sabon asusu? A watan Oktoba sai Amurka ta ce za ta ba da dala miliyan 60, amma kai tsaye ga ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, ba ta asusun rundunar ba. Kar ku raina wannan bambancin fa. Kuɗin dole ba ka da ikon dakatar da shi ranar da ka ga dama, amma kyautar da ka ba mutum hannu da hannu kai ke da makullinta, ka ga abin da bai maka ba ka rufe.

Abin dariya, ko na ce abin tausayi, ita kanta Faransar da ake gani kamar uwa a yankin roƙo take. Barkhane, rundunar Faransa a Sahel, da aka kafa a Agustan 2014 ta kai soja 5,100 bayan taron Pau na Janairun 2020, kuma kuɗinta a shekara ya riƙa dosar yuro biliyan ɗaya. Amma jiragen da ke shayar da jiragen yaƙinta mai a sama da bayanan leƙen asiri na jirage marasa matuƙa, kaso mai yawa daga Amurka yake zuwa. Manyan helikwaftocin ɗaukar kaya kuwa Ingila ce ta ara mata Chinook guda uku a Gao. Da sakataren tsaron Amurka Mark Esper ya fara maganar rage dakaru a Afirka don a maida hankali kan Chaina da Rasha, sai ga Parly ta hau jirgi zuwa Washington a Janairun 2020 tana lallashi kar a janye musu. Bayan nan suka ƙirƙiro rundunar Takuba don a raba nauyin da sauran Turawa, aka samo 'yan Estoniya da Chek da Suwidin da Italiya, kowa ya kawo ɗan abin da majalisarsa ta yarje masa, 'yan Denmak ma ko zama ba su gama yi ba sojojin Bamako suka ce su tattara su koma a Janairun 2022. Wato a lokacin mu muna jingine da Faransa, Faransa na jingine da Amurka, Amurka kuma na kallon kasafinta da zaɓenta. Ga kuma gawarwaki, a Nuwamban 2019 helikwafta biyu suka yi karo a Mali soja 13 na Faransa suka mutu dare ɗaya, kuma duk akwatin da aka sauke a Paris sai tambayar ta ƙara ƙarfi, me muke yi a can, nawa muke kashewa, yaushe za a dawo. Macron ya rufe Barkhane a hukumance a Nuwamban 2022. Eh juyin mulki da lalacewar dangantaka ne suka hanzarta abin, amma tun Yunin 2021 ya riga ya sanar zai rage, tun kafin a nuna masa ƙofa.

Wani abu da ke ci min rai har yau, a cikin ƙasar Malin nan dai an yi MINUSMA, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta riƙa cin kusan dala biliyan 1.2 duk shekara, tun 2013 har aka rufe ta a ƙarshen 2023, ta rasa sama da mutum 300, amma ba aikinta ba ne ta bi 'yan bindiga daji ta yaƙe su. Wadda ke da kuɗin ba ta da izinin yaƙi, wadda aka kafa don yaƙin ba ta da kuɗin. Duk wanda ya tsara wannan ba rayuwar mutumin Tilaberi ko Menaka ya sa a gaba ba, tsarin da kasafin kowa zai iya haɗiyewa ya nema.

Somaliya ma haka. Sojojin Yuganda da Burundi da Kenya da Habasha da Jibuti ke mutuwa a rundunar Tarayyar Afirka, amma alawus ɗinsu Tarayyar Turai ke biya, dala 1,028 a wata kan kowane soja. A Janairun 2016 Turai ta ce nauyi ya mata yawa, akwai wasu wuraren da ke buƙata, ta yanke kashi 20 cikin ɗari, ya koma 822. Sojan da ke fuskantar al-Shabaab ido da ido kenan, alhali takwaransa mai shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya a wata ƙasar ana biya wa gwamnatinsa sama da dala 1,300 a lokacin. An daɗe ana kai ruwa rana kafin a samu ƙuduri na 2719 a Disamban 2023, wanda ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya za ta iya ɗaukar har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin da Afirka ke jagoranta, aka yi ta murna a Addis Ababa. Da aka zo gwada shi a karon farko kan sabuwar rundunar Somaliya a 2025, Amurka ta sake cewa a'a. Ƙuduri na nan a rubuce, rundunar kuma na ta neman na biyan soja.

Sannan ga Yukiren. Tun Fabrairun 2022 lissafin Turai gaba ɗaya ya canza. Da can akwai asusu na musamman da Turai ta ware don zaman lafiyar Afirka kaɗai, a 2021 aka narkar da shi cikin sabon asusu na duniya baki ɗaya, shekara ɗaya bayan nan Rasha ta shiga Yukiren, kaso mafi tsoka na asusun ya bi can. Jamus ta ware yuro biliyan 100 don gyara sojinta. Ƙasashen NATO da suka shekara goma suna jan ƙafa kan kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikinsu a tsaro, a taron Hague na Yunin 2025 suka amince da kashi 5. Wani zai ce ai to kuɗin tsaro ya ƙaru, mu ma za mu samu. Ina! Kuɗin na tankoki ne da makamai masu linzami da masana'antun harsashi a gida. Ingila ma ta faɗa ƙarara a Fabrairun 2025 cewa za ta rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na arzikinta don ta ƙara wa sojinta. Aƙalla su ba su ɓoye ba.

Na ce zan zo kan tamu gwamnatin. Mu 'yan Najeriya bai kamata wannan abin ya ba mu mamaki ba, domin mun taɓa zama ƙawar da ke biya. ECOMOG, rundunar ECOWAS, a Laberiya daga 1990, sannan Saliyo, kusan a wuyanmu take, jini da kuɗi. Gwamnatin Obasanjo ta ce an kashe kusan dala biliyan 8. A zamanin soja babu mai tambaya, amma da farar hula suka dawo a 1999 nan da nan aka fara cewa ga asibitoci ba magani ga malamai ba albashi, me ya kai mu Freetown, aka fara janye dakaru aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2013 ma mun tura soja Mali, kafin shekara ta zagayo aka dawo da kaso mai yawa, aka ce ana buƙatarsu a gida saboda Boko Haram, ko da yake masu bin lamarin sun ce har da haushin ba a ba ɗan Najeriya kwamandan MINUSMA ba, ɗan Ruwanda aka ba. Mutanen Saliyo da na Mali su ma da sun so da sun kira mu maciya amana. Mu ba mu ga haka ba, mun ga gida ya fi. To Bafaranshe ma haka ya gani.

A tafkin Chadi kuwa abin ya fi kusa da mu. Da aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa a 2015 aka kai hedikwata Njamena, Buhari ya yi alƙawarin dala miliyan 100, Turai ta ce yuro miliyan 50 ta hannun Tarayyar Afirka, wanda shi ma ya sha jinkiri a hanyar sayo kaya. Amma galibi kowace ƙasa ita ke ciyar da sojanta, kuma nan ne rigima take. Marigayi shugaban Chadi Idriss Deby tun 2017 yake cewa in ba a taimaka masa da kuɗi ba zai janye dakarunsa daga ƙasashen waje, lokacin farashin mai ya faɗi baitulmalinsa ya bushe. Bayan harin Bohoma na Maris 2020 da ya ci sojansa kusan ɗari ya ce Chadi kaɗai aka bar wa kayan. Ɗansa Mahamat ya maimaita barazanar ficewa a ƙarshen 2024 bayan harin Barkaram. Nijar kam ta fice a Maris 2025, ta ce za ta maida hankali kan tsare wuraren manta. Kowa dai aljihunsa da gidansa yake kallo, kuma waɗannan maƙwabta ne da wutar ke ci tare, balle wanda ke bayan teku.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, musamman na Nijar, ai shi ya sa muka kore su. Faransa ta fita daga Nijar a Disamban 2023, Amurka ta bar sansanin Agadas da ta kashe wa sama da dala miliyan 100 a 2024, G5 ɗin ma ta mutu, Mali ta fice a Mayun 2022, Nijar da Burkina suka bi a Disamban 2023. Ina fahimtar zafin, wanda ya binne soja 71 na Inates da 89 na Shinagodar cikin wata ɗaya alhali jiragen ƙawaye na shawagi a sama yana da haƙƙin ya tambayi amfaninsu. Amma korar baƙo ba ta biya kuɗin man mota. Yaƙin na nan, albashi na nan, gyaran jirgi na nan. Sabon aboki kuma ba sadaka yake ba, Amurka ta yi zargin Mali na biyan sojojin hayar Rasha na Wagner dala miliyan 10 duk wata, ko da an ce maganar kishiya ce, babu mai cewa kyauta suke yi. Abin da na yaba wa ƙawancen AES na Mali da Burkina da Nijar shi ne da suka sanar da rundunar soja 5,000 a farkon 2025 sun biyo da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su don tafiyar da ƙawancen. Ko zai isa ko ba zai isa ba, aƙalla tambayar da ta dace suka yi wa kansu, daga ina kuɗin zai fito.

Akwai kuma masu cewa ai haƙƙinmu ne, su suka rusa Libiya a 2011 makamai suka malalo Sahel, dole su biya. Wallahi na yarda da rabin farko ɗari bisa ɗari, Deby da Issoufou sun sha faɗa musu a fuska. Amma bashi ne da babu kotun da za ta karɓo maka shi, kuma ba za ka ce wa sojan da ke bakin daga ya jira sai ranar da Turai ta ji kunya ba.

Sai abin da ba mu son a taɓo. Da wane baki za mu je Brussels mu ce ba mu da kuɗi alhali a nan Najeriya an yi shekaru ana shari'ar dala biliyan 2.1 na makamai da ake zargin an karkatar ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a Nijar kuma binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya nuna asarar kusan sefa biliyan 76 ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba? Sefa biliyan 76 ta haura yuro miliyan 100, wato ta fi ninki goma na abin da Nijar ta ɗauka za ta zuba a G5. Ɗan majalisar Jamus ko na Holan da ke neman dalilin soke layinmu a kasafi, mu da kanmu muke miƙa masa shi. Ni ban yarda talauci ne kaɗai matsalar ba. Talauci na nan, gaskiya ne ƙasa kamar Nijar duk abin da ta ƙara wa soja daga bakin makaranta da asibiti ta cire shi, amma ɓarakar da ke cikin gida ta isa ta riƙe bataliyoyi.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce, an san ta. A Kigali a 2016 Tarayyar Afirka ta amince da harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan shigo da kaya bisa shawarar Donald Kaberuka, tsohon shugaban Bankin Raya Afirka, da burin tara dala miliyan 400 a asusun zaman lafiya, ƙasashe da yawa suka ƙi aiwatarwa. A Wagadugu a Satumban 2019 ECOWAS ta yi alƙawarin dala biliyan ɗaya don yaƙi da ta'addanci, mu ma ashe mun iya irin wancan tafin na Brussels, abin da ya shiga asusu bai kama ƙafar abin da aka faɗa ba. Ra'ayina albashi da alawus da abinci da mai da kuɗin jinyar wanda ya ji rauni da haƙƙin iyalan wanda ya mutu, waɗannan kar a taɓa ɗora su kan baƙo, domin su ne in suka tsaya wata biyu runduna ta watse. Abin da za a nema wurin ƙawa shi ne wanda in ya janye za a rage gudu amma ba za a tsaya ba, hoton tauraron ɗan'adam, horo, jirgin ɗaukar kaya, kuma a nema a wurare da yawa, Turkiyya da Chaina da Turai da Amurka da Rasha, kar mutum ɗaya ya riƙe makulli.

A Yunin 2024 ministocin tsaro da na kuɗi na ECOWAS sun zauna a Abuja aka ajiye musu zaɓi biyu, runduna mai soja 5,000 da za ta ci kusan dala biliyan 2.6 a shekara, ko birged mai soja 1,650 a kan kusan dala miliyan 481. Na san wanda ya fi daɗin faɗa a taron manema labarai. Ni dai ƙaramin zan zaɓa, shi ma sai an nuna min a wane shafi na kasafin Najeriya da na Gana da na Kwaddibuwa da na Senegal aka rubuta kason kowa, 'yan majalisa sun yi muhawara a kai a fili, kuma mai binciken kuɗi na gwamnati na da ikon buɗe takardun kwangilar ba tare da an ce masa sirrin tsaro ne ba.